Wutar Jin Ɗumi Amana Ce A Wuyan Maigida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mana wuta muke dafa abinci da ita, muke kuma jin ɗuminta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda bai bar wani alheri ba face ya shiryar da al'ummarsa gare shi, bai kuma bar wani sharri ba face ya tsoratar da ita daga gare shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ga shi hunturu ya kankama. Duk wanda ya fito sallar Asuba a birnin Zariya kwanakin nan, ko ta Kwarbai ya bi, ko ta Unguwar Juma, ko ta Limancin Kona, zai ga hayaƙi yana tashi daga zauruka, tsofaffi sun kewaye bakin wuta, almajirai kuma sun tara kara suna karatu a gefensa. A cikin gidaje kuwa mata suna shigar da kaskon garwashi ɗaki saboda jarirai da masu jego. Wannan ni'ima ce, kuma Allah ya ambace ta a Suratul Waƙi'a, aya ta 71 zuwa ta 73, inda ya tambayi bayinsa ko su ne suka halicci itacen da suke ƙyasta wuta daga gare shi, sa'an nan ya bayyana cewa ya sanya ta abin tunatarwa da abin amfani. To, amma a wannan lokaci ne kuma gobara ta fi yawa, domin iska ta bushe, zana da bunu da darni sun bushe ƙarau, ga jaura tana kaɗawa da dare. Abin da nake so mu tattauna a wannan mako shi ne matsayin addini game da wutar da muke kwana da ita a ɗakunanmu.

Abin da Manzon Allah ya umarta

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari, Allah ya yarda da shi, cewa wani gida ya ƙone a Madina da dare tare da mutanen da ke cikinsa. Da aka ba Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, labari, sai ya sanar da sahabbai cewa wuta abokiyar gaba ce gare su, ya umarce su da su riƙa kashe ta idan za su yi barci. Sun kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa ya hana a bar wuta a cikin gidaje lokacin barci. A hadisin Jabir ɗan Abdullahi har dalili ya faɗa, watau ɓera yana iya jan lagwanin fitila ya ƙone mutanen gida. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa hakan ya taɓa faruwa a gaban Manzon Allah kansa, ɓera ya jawo lagwani ya yar a kan 'yar tabarmar da yake zaune a kai, ta ƙone gwargwadon faɗin dirhami.

Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya yi bayanin cewa wannan umarni ya game wutar fitila da kowace irin wuta, kuma dalilinsa shi ne tsoron gobara. Inda tsoron ya tabbata, umarnin yana nan. Inda aka amince babu ta yadda wutar za ta kama wani abu, babu laifi a bar ta. Saboda haka kada wani ya ce ai hadisin a kan fitilar mai ya zo. Kaskon garwashi ya shiga ciki, haka bakin wutar da aka bari a murhu, da kyandir, da maganin sauro na kunnawa da ake ɗorawa kusa da katifa, da hitar dafa ruwa da aka manta a jone aka kwanta don an ɗauke wutar lantarki.

Wanda yake ganin ɗan haske ba ya yin ɓarna, to, ya dubi tarihin Masallacin Annabi. Samhudi, mai tarihin Madina, ya kawo a littafinsa Wafa'ul Wafa cewa a daren farko na watan Ramadan, shekara ta 654 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1256, wani ma'aikacin masallacin ya shiga ɗakin ajiya don ya ɗauko fitilu, ya ajiye wutar da ke hannunsa a kan wani kwandon fitilu mai zare a ciki. Nan take ta kama, ta haye rufi, mutanen Madina suka taru suka kasa kashe ta, har rufin masallacin ya ƙone. Idan sakacin mutum ɗaya ya yi wannan aiki a wuri mafi daraja bayan Ka'aba, ina ga ɗakin ɗayanmu? A nan ƙasarmu ma ba mu manta ba, a watan Fabrairu na 2025 gobarar dare ta kashe almajirai 17 a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara, rahotanni kuma sun ce tarin kara da aka ajiye a wurin ne ya kama. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu da malamansu haƙuri.

Inda haɗarin yake a gidajenmu

Abu na farko shi ne kunkunniya. Ku ɗaga kai ku dubi rufin madafi ko ɗakin da aka daɗe ana hura wuta a ciki, za ku ga azara da bunu sun yi baƙi ƙirin, wani wurin har da danƙo kamar kwalta. Wannan baƙin ragowar itace ne da bai gama ci ba, ya tashi cikin hayaƙi, ya tarar da wuri mai sanyi ya manne. Shi kansa makamashi ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Amurka, inda ake gina murhu da bututun hayaƙi a jikin ɗaki, wannan danƙo ne yake taruwa a cikin bututun har ya kama da wuta, shi ya sa masana kashe gobara na can suke horon a share bututun aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma a riƙa ƙona busasshen itace kaɗai. Mu ba mu da bututu, rufin ɗakin ne bututunmu. Ya kamata kowane maigida ya sa a kankare kunkunniyar rufi da bango a farkon hunturu, a buɗe tagar da hayaƙi yake fita, a kuma canja bunun da ya riga ya ruɓe.

Na biyu shi ne irin itacen. Ɗanyen itace da jiƙaƙƙe su ne suka fi hayaƙi, su ne kuma suka fi tara kunkunniya, domin wani ɓangare na zafin wutar yana ƙarewa wajen ƙone ruwan da ke cikinsu. Busasshen marke ko kirya da aka faskara aka shanya ya fi ɗumi, ya fi ƙarancin hayaƙi. Kara kuwa da ganye da leda ba abin hurawa a cikin ɗaki ba ne, domin harshensu yana tashi sama farat ɗaya. Haka nan kada a jibge itace ko kara a jikin ɗakin kwana ko kusa da murhu. Kada a hura wuta da kananzir a kan rushi, balle fetur, kada kuma a kwana da galan ɗin fetur a ɗakin da ake shigar da kasko.

Na uku shi ne abin da ke kewaye da wutar. A dā ɗakunan birni na ƙasa ne, gadon ma na ƙasa ne, akwai ma wanda ake sa masa garwashi a ƙarƙashi, babu abin ci da yawa ga wuta. Yau kuwa ɗakin amarya cike yake da katifar soso, da labule, da leda a ƙasa, da silin a sama, waɗanda suke kamawa nan da nan su fitar da baƙin hayaƙi mai kisa. Ko katifar audugar rimi da muka gada, wadda Zariya ba ta rasa itatuwanta ba, tana cikin abubuwan da suka fi saurin kama wuta. A ajiye kasko a kan ƙasa tsura, nesa da shimfiɗa da labule da taku uku ko fiye, kada a shanya tufafin yara a kansa, kada kuma a bar yaro mai rarrafe ko mai farfaɗiya ko tsoho mai gyangyaɗi shi kaɗai da shi.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ɓoyuwa. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ko da kuwa hayaƙin ya ƙare garwashin ya yi ja. Idan mutum ya shaƙe ta, tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi take kama shi sau fiye da 200, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Alamunta ciwon kai, da jiri, da amai, da mutuwar jiki. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Ni kaina na ga wannan. Wata shekara wani ɗalibina a ajin Larabci ya yi kwana uku bai zo ba. Ashe mahaifiyarsa ce ta shigar da kasko ɗaki don ƙaninsa yana tari, ta toshe taga da tsumma, ta rufe ƙofa. Da asuba aka yi ta bugu ba a amsa ba, sai da aka ɓalle ƙofar aka tarar da su a sheme. Allah ya yi da sauran kwana. Abin da ya fi damuna shi ne, da na je dubiya na tarar ana cewa iskokai ne suka shiga ɗakin, ana neman hayaƙin da za a turara musu a cikin ɗakin nan dai. Jama'a, wanda aka samu a wannan hali a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi sarari, a garzaya da shi asibiti, ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko na koyarwa da ke Shika. Addu'a kuwa a yi ta a kan hanya.

Tsakanin tawakkali da sakaci

Na san wani zai ce abin da Allah ya ƙaddara babu makawa, kuma wanda ya mutu a gobara shahidi ne. Gaskiya ne, Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya lissafa wanda wuta ta kashe cikin shahidai, muna kuma fatan wannan daraja ga duk Musulmin da ya rasu ta haka. Amma wannan bushara ce ga wanda abin ya faɗa wa, babu izinin sakaci a cikinta ga wanda aka ba kiwon gida. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara, sai ya umarce shi da ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Sayyidina Umar ma, da ya ji labarin annoba a Sham, juyawa ya yi da mutanensa, ya bayyana cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Aya ta 195 a Suratul Baƙara kuma ta hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu. Wanda ya kashe garwashi sa'an nan ya yi addu'ar barci, shi ne ya haɗa sunna biyu.

Har ila yau akwai haƙƙin maƙwabci. Malamanmu na zaure da suke karantar da Mukhtasar na Shaihu Khalil sun san cewa ya lissafa wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin waɗanda lamuni ya hau kansu, watau idan wutar ta ci dukiyar wani sai ya biya. To, ku dubi yadda birnin Zariya yake, katanga jikin katanga, rufi yana taɓa rufi, ga lunguna da yawa waɗanda motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga. Wutar da ta tashi a ɗakinka ba ta san iyakar gidanka ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ina roƙon kowane maigida ya mayar da wannan al'adarsa kamar yadda yake kulle ƙofar zaure. Bayan sallar Isha'i a ɗumama ɗaki alhali ana farke, taga kuma a buɗe kaɗan. Idan za a kwanta a fitar da kasko tsakar gida, a kashe shi da ruwa ko a bisne shi da toka da ƙasa inda iska ba za ta tone shi ba, sa'an nan a ƙara wa yara bargo. A ajiye bokitin ruwa da na yashi kusa, domin wutar mai da yashi ake kashe ta, ruwa watsa ta yake yi. Kada a kulle yara ta waje a tafi unguwa. Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, ya faɗi ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai tsabta, mai sanyi, kamar minti 20, ban da manja da ƙwai da man goge baki, sa'an nan a tafi asibiti. Malaman makarantun allo kuma su naɗa babban ɗalibi wanda ba zai kwanta ba sai ya ga wutar karatu ta mutu. Limamai da masu unguwanni su taimaka da tunatarwa, iyaye mata kuwa a karanta musu wannan, domin su ne suka fi kusa da murhu.

Allah ya tsare mu da iyalanmu daga wutar duniya da ta Lahira, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da alheri ga waɗanda suka yi asara, ya sa mu zama masu jin magana su bi mafi kyawunta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.