Gyaran Ɗaki Kafin Suna: Don Wa Ake Yi?



A gidajenmu da yawa, da zarar ciki ya shiga wata na bakwai ko na takwas, sai hankali ya koma kan ɗaki. A kira mai fenti, a kira birkila, a ɓamɓare tsohon siminti a sa tayil, a sauke silin a ɗora sabo, duk don kada ranar suna ta zo 'yan barka su tarar da ɗaki ya koɗe. Gyaran muhalli abu ne mai kyau, kuma babu wanda zai zargi mace don ta so ta tarbi ɗanta a wuri mai tsafta. Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu tsakani da Allah: wannan gyaran don jaririn ake yi, ko don idon jama'a?

Tambayar tana da nauyi, saboda wani gyaran yana cutar da wanda ake cewa don shi ake yi. Akwai fentin mai da ake haɗawa da dalma domin ya yi haske ya kuma bushe da wuri. Amurka ta hana amfani da irinsa a gidaje tun shekarar 1978, amma bincike ya sha gano dalma a wasu fentin da ake sayarwa a kasuwannin Afirka, har da na Nijeriya. Idan aka kankare tsohon fenti, ƙurar da ke tashi ta kan shiga jikin mai ciki, dalmar ta bi jini ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana kuma iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jiki da za a ce ba ya cutarwa.

Mu a Arewa mun san gubar dalma. A shekarar 2010, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a tsakar gida. Gaskiya ne ƙurar fenti ba ta kai wannan ƙarfi ba, amma gubar ɗaya ce, kuma darasin ɗaya ne: ƙurar da ake raina wa a cikin gida tana iya yin ɓarna. Ga kuma warin tinna da na fentin mai, da ke sa mai lafiya ma jiri da ciwon kai, balle mace mai ɗauke da rai biyu a ɗakin da taga ɗaya ce.

To, a nan ne maganar haƙƙi ta shigo. Duk wanda abin ya shafa yana da bakin magana: maigida zai faɗi ra'ayinsa, uwar miji za ta faɗa, ƙawaye za su faɗa. Wanda ke ciki ne kaɗai ba ya iya cewa komai, alhali shi ne zai ɗauki sakamakon, wataƙila har tsawon rayuwarsa. Amana ce a hannunmu, kuma amanar marar baki ta fi nauyi. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa idan cuta da amfani suka haɗu, kawar da cutar ake fara dubawa. Sheƙin bango amfani ne na kwana ɗaya, lafiyar yaro kuwa ta har abada ce.

Wata za ta ce, “Malama, ke ba ki san gorin dangin miji ba ne. Kishiyata da ta haihu an yi mata fenti da sababbin kujeru, ni sai a bar ni haka?” Wallahi wannan zafi ne na gaske, ba na raina shi. Adalci tsakanin mata wajibi ne a kan maigida, kuma kina da damar neman haƙƙinki. Sai dai haƙƙin ba ya ɓacewa don an ɗaga lokacinsa. Ki ce masa, “Maigida, a ajiye kuɗin, a yi mini aikin idan na tafi wankan jego, ko bayan arba'in.” Masu tsegumi kuwa, ko da zinariya aka shafe bangon, sai sun samo abin faɗa kafin su kai ƙofar gida.

Sannan a duba aljihu. Sau nawa ake kwashe adashe a zuba a tayil da labule, ranar naƙuda kuma a shiga neman rancen kuɗin mota ko na ledar jini? Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta je awo aƙalla sau 8. Kuɗin awo, abinci mai gina jiki da tanadin ranar haihuwa su ne gaba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Gyaran da jariri ke buƙata ba shi da tsada: a toshe rufin da ke yoyo, a sa raga a taga, a ɗaura gidan sauro, a gyara santsin bayi don kada mai ciki ta faɗi. Idan kuma babban aikin ya zama dole, to a zaɓi fentin ruwa, mai ciki da ƙananan yara su ƙaura zuwa wani ɗaki ko gidan iyaye, kada ta kankare bango, kada ta hau tsani ko ta ja kabad. Bayan an gama a buɗe tagogi na kwanaki har warin ya fita, wani ya goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Al'adarmu ta goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gidansu, ta ba mu dama mai kyau ta yin aikin ba ta nan.

'Yan barka za su ci tuwon suna su watse kafin magariba. Wanda zai kwana a ɗakin yana shaƙar iskarsa shi ne ya fi cancanta a yi gyaran dominsa. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya a kan tafarki madaidaici, amin.