Ƙaddara Ce, Amma Karen Na Wane Ne?

A Shuwak kare ma'aikaci ne. Mai lambu a bakin kogin Atbara ya san amfaninsa da dare, haka makiyayin da ke gangaro da tumakinsa daga Butana, haka manomin da ya tara dawa da riɗi a gona yana jiran mota. Mu Hausawan nan, jikokin mahajjatan da suka yada zango a gabashin Sudan, Malikiyya muka gada, kuma Malikiyya ba ta tsananta wa kare yadda wasu ke zato ba. A wajen Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne, kuma hadisi ya halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. Masu sharhin Risala ma sun ruwaito cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa da katangarsa ta faɗi. Da aka tuna masa Malik ya karhanta hakan, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye.

Don haka ba ni da ja da mai kare. Inda nake da magana shi ne ranar da karensa ya kama ƙafar yaro.

Na zauna a zaman sulhu irin wannan, na ji yadda ake kashe maganar. Mai kare ya ce: "Wallahi ba ya cizo, yaran ne ke jifansa." Wani dattijo ya ce: "Dabba ce, ba ta da hankali." Liman ya ce: "Ƙaddara ce, a yi haƙuri." Uban yaro ya dubi maƙwabcin da suke sahu ɗaya a masallaci, kunya ta kama shi, ya ce: "Mun yafe." Aka shafa fatiha, aka sha shayi. Yaron yana ɗaki, an shafa masa toka a rauni.

Mu fara da maganar dattijo, domin tana da tushe. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya nuna ɓarnar dabba ba ta da ramuwa. Sai dai malamai sun fassara shi da dabbar da ta kuɓuce ba da sakacin kowa ba. A Muwaɗɗa akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Annabi (SAW) ya hukunta cewa masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana wuyan masu su. Suratul Anbiya ta kawo shari'ar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu kan tumakin da suka kwana suna cin shukar mutane. Idan an yi shari'a saboda zangarniya, ina ga tsokar ɗan Adam? Kan kare mai cizo kuwa Muhtasar na Halil bai ɓoye komai ba: wanda ya riƙe shi bayan an gargaɗe shi, abin da ya ɓata yana kansa. Rashin hankalin dabba shi ne ma dalilin da ya sa ake tambayar mai ita.

Maganar ƙaddara gaskiya ce, amma an ajiye ta inda ba mazauninta ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda abin ya sama. Wanda ya bar ƙofa a buɗe ba shi da ikon fakewa da shi. In ba haka ba, da babu diyya a kisan kuskure, alhali Suratun Nisa'i ta wajabta ta.

Akwai kuma abin da malaman da ba su riska ba. A yau an san cewa kare lafiyayye a ido yana iya ɗauke da ciwon hauka a yawunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, cizon yakan same shi a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa, kuma yakan ɓoye don tsoron duka. Rauni zai warke, a manta, bayan wata biyu ko uku sai zazzaɓi da tsoron ruwa. Da zarar alamun sun bayyana, da wuya a tsira. Amma tun 1885, da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allura a Faransa ya rayu, aka san cewa wannan mutuwar ana iya tare ta. A ra'ayina, wannan sanin ya tsaya a matsayin gargaɗin da fiƙihu ya shardanta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai karen da bai kai shi wajen likitan dabbobi an yi masa rigakafi ba, bai kuma ɗaure shi lokacin da almajirai ke zuwa ɗiban ruwa ba, ba sai an jira cizon farko kafin a kira shi mai sakaci ba.

Saura "mun yafe". Yafiya halin manya ce, kuma uba yana da ikon yafe ɓacin ransa da wahalar da ya sha. Amma maganin yaro haƙƙin yaro ne, kuma ƙa'idar shari'a ita ce waliyyi ba ya sarayar da haƙƙin ƙaramin yaro sai inda akwai maslaharsa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, jihar Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, magani ya yi tsada, kuɗin mota zuwa Gadarif ko Kasala ma nauyi ne ga talaka. Uban da ya yafe don kunya, sau da yawa allurar ɗansa ya yafe.

Ga abin da nake roƙon limamanmu da masu unguwanninmu. In an kawo ƙara irin wannan, a jinkirta zaman. A fara wanke raunin da ruwa da sabulu na minti 15, ban da toka ko barkono. A kai yaro asibiti a ranar, mai kare ya biya mota da allurai har a kammala su. A tsare karen kwana goma ana lura da shi, ana ba shi ruwa da abinci, domin shi ma yana da haƙƙi, kuma an gafarta wa wani bawan Allah saboda shayar da kare. Idan an yi wannan duka, to a taru a yi sulhu, uban yaro ya yafe abin da yake nasa.