Kazar Kiyo: In Ta Mutu, Asarar Wa Ce?

Bahaushe yana da kalmomi huɗu na miƙa abu daga hannu zuwa hannu in ba ciniki ake ba: kyauta, aro, rance da ajiya. Kyauta ta tahi ke nan, ba ta dawowa. Aro, abin da ka amsa shi za ka maido da kansa. In hauya ka ara, hauyar nan dai ake jira. Rance kuwa, ka cinye abin, ka maido irinsa, kamar tiyar hatsi ko jika biyar. Ajiya, a riƙe maka kayanka ba a taɓa ba. Bafaranshe na kan titi da kalma guda yake haɗa aro da rance, mu kuwa ko yaro ƙarami ba ya cewa ya ranci jaki. Wannan rarrabewa tana da aiki babba, don kowace kalma tana ɗauke da amsar tambaya guda: in abin ya salwanta, wa zai ɗauki asara?

To, akwai abu na biyar da muke yi kullum a Arewa wanda bai shiga ko guda cikin huɗun nan ba, wato ba da kiyo. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari da Dankasari, daga Tibiri zuwa Dumega, Geceme da Kore Mai Ruwa, da wuya ka shiga gida ka iske duk kajin da ke tono a tsakar gidan na mai gidan ne. Wannan ta ɗiyar da aka kai ɗaki ce, waccan ta yaron da ya tahi cin rani, ga akuyar ɗalibin da ke karatu a Yamai ko Doso. Wani cikin gari yake, gidan haya ya yi masa ƙunci, maƙwabta sun gaji da ɓarna, sai shi aika da bisashensa ƙauye. Wata kuma tausayi ne: ta ga ƙanwarta ba ta da ko tsako, ta ba ta uwa guda ta tashi da ita. Yadda ake rabon ɗiyan ya danganta da gida da gida, amma ginshiƙin guda ne: uwa ta mai ita ce, wahala ta mai kiyo, abin da aka haifa a raba.

Muddin kaza tana ƙyanƙyasa, zumunci lahiya lau. Rigimar tana zuwa da ɗari. In hunturu ya kama, annobar kaji takan shiga gari, wadda likitocin dabbobi ke kira da sunan birnin Niyukasul na Ingila, don can da tsibirin Jaba aka fara gane ta a 1926. Kaza ta yi laushi, ta riƙa zawo kore, numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe. Cikin kwana kaɗan akurki ya zama wayam. Sai mai kaza ya dawo daga tahiya shi ce: «Inna, ina kazata?» Inna ta ce: «Wallahi ɗana, ciwo ya share su duka, har nawa.» Daga nan ne ake rabuwa. Wani shi ce Allah shi maida alheri. Wani shi yi shiru, amma ya ƙulla a zuci. Wani kuwa shi ce atafau sai an biya shi, ai amana ya ba da.

Ni ina ganin na ukkun nan bai da gaskiya, kuma ga hujjata. Mu duba abin da kowa ya zuba. Mai kaza ya zuba uwa. Mai kiyo ta zuba dussa da tsaki, da ruwan da ta jawo daga rijiya, da gyaran akurki, da korar shirwa da rana, da fargabar muzuru da dare. Kwana 21 kaza take kwance bisa ƙwai, in na zabo aka sa mata kusan 28, duk idon matar nan yana kanta. Akuya kuwa wata biyar take da ciki. Mai kaza yana can nesa, bai ɗebi ruwa ba, bai share kashi ba, amma yana da kaso cikin ɗiya. Da mi ya saye wannan kason? Da kasada ya saye shi. Ya yarda dukiyarsa ta zamna inda ciwo da shirwa ke iya cim mata. In annoba ta zo, shi ya rasa uwa, ita ta rasa wahalarta ta wata da watanni. Kowa ya ji a jikinsa, rabon ya yi daidai.

Amma ka ce in ta haihu kana da kaso, in ta mutu a biya ka? Ai ka fitar da kanka daga kiyo, ka koma rance, rancen ma mai ƙari. A nan akwai wani abin lura ga mu masu nazarin harshe. A rubutun boko ba mu nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa riba ta ciniki da riba ta kuɗin ruwa suke fitowa da harufa guda, alhali a baki daban suke: ta farko wasalinta na fari dogo ne, ta biyu gajere. A takarda kaɗai suke kama. A zaman duniya abin da ya raba su shi ne wannan kasada da nike magana. Wanda ke jiran ƙari ba tare da ya yarda da yiwuwar asara ba, ya san wace riba yake ci.

Ba mu kaɗai muka yi wannan tunani ba. Risalar Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta raba kayan aro gida biyu: abin da ake iya ɓoyewa, wanda mai aro ke lamuncewa, da dabba, wadda ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka. Dokar zaman jama'a ta Faransa ta 1804 ita ma tana da babi kan ba da garke kiyo, kuma ta hana a sa sharaɗin cewa makiyayi zai ɗauki asarar garke duka in ya halaka ba da laifinsa ba. Fulani kuwa suna da haɓɓanaaye, daga tushen kalmar da ke nufin ɗaurewa, wato saniyar da aka ɗaure wa wani. Mutum shi ba ɗan'uwansa ko abokinsa karsana, ta zamna wurinsa har ta haihu sau biyu ko ukku, shi riƙe maruƙan, shi maido uwar. Al'ummu ukku da ba su yi shawara da juna ba sun gane cewa abu mai rai ba a lamunce shi kamar yadda ake lamunce tabarma.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce: kai ɗalibi, saniya ba ta ɓoyuwa, amma kaza tukunya guda ta ishe ta. In ka ce mai kiyo ba ya biya, ka buɗe wa maƙaryata ƙofa. Yau shirwa ta ɗauka, gobe muzuru, jibi ciwo, alhali maƙwabta suna jin ƙamshin romo. Gaskiya ne, akwai irinsu. Sai dai wanda ya yanka ya ci, ko ya kai kasuwa a ɓoye, ya ci amana, kuma biya ya hau kansa ba gardama. Haka wanda ya bar akurki buɗe da dare, ko ya ɗaure akuya a rana ba ruwa. Maganata a kan wanda bai yi sakaci ba ce. Kuma maganin ƙarya yana da sauƙi: in bisa ta mutu, a nuna gawar ga mai ita ko ga wani dattijo na unguwa kahin a rufe. In kuwa muka ce kowa shi biya don gudun maƙaryaci guda, wa za mu kora? Tsohuwar da ba ta da abin biya, ita ce za ta fara cewa a'a, riƙe kazarka. Ita ce kuma aka yi al'adar dominta.

Akwai wani abu da zamani ya canza. Annobar nan ba ta da magani in ta kama, amma tana da rigakafi, kuma ana samun sa wurin ma'aikatan kiwon dabbobi, sai dai yana son maimaitawa. Kakanninmu in sun ce ƙaddara, sun yi gaskiya, ba su da wata dabara. Yau kuwa, in an yi shelar rigakafi a gari, mai kaza ya ƙi ba da kuɗin, to kada shi zo da fushi daga baya. In ya ba da kuɗin, mai kiyo ta sa su cikin cefane, to sakaci ya tabbata a kanta. Iyakar da ke tsakanin ƙaddara da ganganci tana matsawa gwargwadon abin da mutum ya sani da abin da yake iyawa.

Mai bayarwa ma yana da amanar da ake mancewa. Kowa ya san abin da ake yi in ciwo ya fara: a kwashi waɗanda ke tsaye a ruga kasuwa, ko a aika da su gidan dangi wani ƙauye, wai a tsirar da su. Alhali ciwon yana iya kwana biyar ko shidda a jikin kaza, wani lokaci har sati biyu, tana tono kamar lahiyayya. Ka aika wa gwaggonka kaza guda, ka kashe mata goma. Waɗanda suka tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya a 2006 sun ga yadda cuta ke bin hanyar da mutane ke bi da kaji. In daga akurki mai ciwo ka ɗauko, faɗi gaskiya, a ware ta sati biyu. Shirun da ka yi ya fi cin kazar muni, don ɓarawo guda ya ɗauka.

Ƴan proje ma sun ari sunan haɓɓanaaye, suna raba wa mata jajayen awakin Maradi, in sun haihu a miƙa wa wata. Abu ne mai kyau, kuma ya tada gidaje bayan shekarun wuya irin 2005. Ma'aunin da zan auna kowane irin wannan shiri da shi guda ne: ranar da akuya ta mutu ba da laihin matar ba, mi aka ce mata? In an ce ta biya, suna kaɗai aka ara.

Abin da ke jawo yawancin rigimar nan kunya ce. Muna jin nauyin yin sharaɗi da inna ko da aboki, sai mu miƙa kaza mu ce «ga ta nan dai», kowa da fassarar da ya yi a ransa: shi yana nufin ajiya, ita ta ji kyauta. Tun ranar miƙawa ya kamata a faɗi abu ukku da baki: ƙaƙa za a raba ɗiyan, wa zai biya rigakafi, in ta mutu wa za a nuna wa. Wanda kuwa zuciyarsa ba ta iya ɗaukar jin «ta mutu», to shi saida kazarsa shi sa kuɗin aljihu, ya fi masa kwanciyar hankali, ya fi wa zumunci. Kiyo na wanda ya yarda a raba asara da shi ne kahin a zo ga rabon ɗiyan tsaki.