Tsohuwar Waya Amana Ce

Duk wanda Allah ya hore wa sabuwar wayar hannu, ya sani haƙƙin tsohuwar yana wuyansa. Ajiye ta cikin akwati har ta lalace almubazzaranci ne, abin da Suratul Isra'i ta hana a aya ta 26 da 27.

Mafi alheri ya ba da ita sadaka ga ɗan'uwa ko ɗalibi mabuƙaci. In kuwa sayarwa zai yi, wajibi ne ya bayyana aibinta, kamar batirin da ba ya riƙe caji. Malaman fiƙihu sun ce wanda aka ɓoye wa aibi yana da ikon mayar da kaya.

Kafin ta bar hannunsa, lalle ya goge hotunan iyali da saƙonnin mutane, domin asirin jama'a abin kiyayewa ne. Matacciya kuwa, a kai wa masu gyara. Kada a jefa ta juji, don batirinta yakan fashe in ya ji wuta, ga yara masu tsince-tsince a wurin.

Allah ya ba da ikon kiyayewa, amin.