Tuta tamu ce, farashi na wa ne?

Ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya. Magidanci shina da gida, shina da gona, amma kowace damana sai ya ci bashin hatsi. In kaka ta yi, mai bashin ne ke yanke mishi kuɗin gujiya. Wanga mutum, da ikon kanshi yake?

Wani malami ɗan Masar, Samir Amin, ya kwashe rayuwarshi shina yin wagga tambaya bisa ƙasashe. An haife shi Alƙahira a 1931. Ubanshi Bamisire, uwarshi Bafaransa, dukansu likitoci. Ya yi karatun tattalin arziki a Paris, ya gama a 1957, ya koma gida aiki zamanin Nasar. Shi mai ra'ayin gurguzu ne, gwamnati kuwa ta shiga kama irinsu, sai ya bar ƙasa a 1960. Ya yi shekara uku Bamako, shina ba ma'aikatar fasali ta Modibo Keita shawara. Daga nan ya zamna Dakar, inda ya shugabanci makarantar fasalin tattalin arziki ta Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1970 zuwa 1980. Ya rasu a 2018.

Ga abin da ya gani. Nasara ya ba mu tuta, ya bar mu da aikin da ya ɗora muna: Sanagal gujiya, Mali kaɗa, Kodibuwa koko da kafe. Muna saida ɗanyen kaya da araha, mu sayo wanda anka sarrafa da tsada. Kai da ke Maraɗi ko Damagaram ba sai an faɗa maka ba. Dattawa sun tuna lokacin da buhunan gujiya ke cika motoci zuwa bakin teku, sun kuma tuna yunwar 1973 da ta iske rumbuna wayam. A ganin Amin, talaucinmu da arzikin Turai igiya ɗaya ta ɗaure su.

Maganin da ya kawo shi ne a kwance igiyar. Kada ka ɗauka rufe iyaka yake nufi. Cewa ya yi ƙasa ta fara duba bukatar mutanenta, hatsi da tufa da aikin yi, sannan ta yi ciniki da waje bisa ga wannan. Manomi ya riƙe gonarshi, ya ci da gari tukuna.

Ni na yarda da shi har rabin hanya. Dubi Mali. A 1962 ta bar sefa, ta buga kuɗinta. Kuɗin sunka faɗi, kaya sunka yi wuya a kasuwa, manoma sunka riƙa fitar da amfaninsu ta ɓoye. A 1967 anka koma neman yarjejeniya da Faransa, a 1984 anka dawo cikin sefa. Kwance igiya ya fi sauƙi a baki. Wahalar kuwa ba minista ke shanta ba.

Akwai wani haɗari kuma. Mai mulki kan yi ihun ƴancin ƙasa don ya rufe bakin talaka. Duk wanda ya tambayi ina kuɗi sunka tafi, sai a ce yaron baƙi ne. Amin ya san da wannan. Ya rarrabe ikon ƙasa na manyan gari da ikon ƙasa na jama'a, ya ce na biyun yake so. Sai dai faɗin haka bai nuna muna wa zai tsare mai mulki in ya karkace ba, kuma nan ne nike ganin maganarshi ta yi gajarta.

To, ka kai zancen fada da dare. Tun 1971 ake haƙar uraniyum a Arlit. In wani ya ce yanzu ƙasa ta kama dukiyarta da hannunta, tambaye shi wa ke ganin lissafin kuɗin, kuma nawa ne daga ciki ya zama rijiya ko aji a garinku.