Bashin da Ya Wuce Shekara Shida: Kotu Ta Rufe Ƙofa, Amma Yana Nan a Wuya

 

'Yan'uwa, wata magana tana ta yawo tsakaninmu a Mile 12 da Agege da Alaba Rago, wai bashi in ya shekara shida ya mutu. Har an fara samun mai cewa da wanda ke binsa: "Je ka kotu mana, ai lokaci ya wuce." To bari mu warware zancen.

Akwai gaskiya a ciki ta fuskar doka. Dokar Jihar Legas ta ba mai bin bashi irin na ciniki ko rance shekara 6 ya shigar da ƙara, ana ƙirgawa daga ranar da ya kamata a biya. In ya yi shiru har wa'adin ya cika, wanda ake bi yana iya kafa hujja da wucewar lokaci, kotu ta kori ƙarar. Amma in wanda ake bi ya biya wani abu daga ciki, ko ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ƙirgen yakan koma farko. Wannan ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani, musamman mu da muke sauke buhun albasa ko mu ba da rago da baki kawai, ba takarda ba shaida.

Sai dai abin da dokar ta rufe ƙofar kotu ce. Ba ta ce kuɗin ya zama naka ba, balle ta halatta maka shi. Ko a fiƙihunmu na Malikiyya akwai hauzi, inda alƙali ba ya sauraron wanda yana gari, yana gani, ya yi shiru shekara 10 wani na amfani da fili, sannan ya taso da da'awa. Shi ma ba ya mai da haram halal. Annabi (SAW) ya gargaɗi duk wanda aka yanke wa hukunci da haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya baki, cewa yankin wuta aka yanka masa. In hukuncin da Annabi da kansa ya yanke bai wanke mai cin haƙƙi ba, ina ga lissafin kalanda?

Mu tuna gawar da aka kawo, Annabi ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mu tuna shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. Kuma Suratun Nisa'i ta sa a fitar da bashi kafin a raba gado. Nan ne abin ya fi ba mu tsoro, mu mazauna kudu. Mutum ya rasu a Legas, a raba gadonsa a Kano ko Sakkwato, magada ba su san mai shagon shinkafa a Agege yana binsa ba. Su ci, shi kuwa yana rataye. Mai hali da yake jan ƙafa yana jiran shekara shida ta cika, wallahi zalunci yake yi tun daga ranar farko.

Ku ma masu bin bashi, da magana a kanku. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa a kafa shaidu. Kunyar "ai ɗan garinmu ne" ita ke jawo rigimar da ke cika ofishin Sarkin Hausawa. Aya ta 280 kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, yafewa kuwa ta fi. Tona asirin mutum a WhatsApp ba hanyar karɓar haƙƙi ba ce.

Wanda ya san akwai tsohon bashi a kansa, ya nemi mai shi a wannan mako, ko da dubu biyar ce ya fara miƙawa, a rubuta saura. In mai shi ya rasu, a nemi magadansa. In an yi iyakar cigiya ba a same su ba, sai a yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je masa. Mai son a rubuta masa takarda da shaidu biyu, ya tsaya wajen liman bayan sallar La'asar.