HAKKIN MALAMI IDAN AN ƘARA MASA AIKI

 Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba wata mas'ala da ta shafi makarantunmu tun daga Islamiyya har jami'a, watau malamin da aka ɗauka a kan aiki sananne, sa'an nan aka ɗora masa wani a kai. Shin yana da hakkin a ƙara masa lada, ko kuwa albashin wata ya ɗauke kome da kome?

Abin ya zama ruwan dare. Malamin da aka yi sharaɗi da shi zai karantar daga safe zuwa azahar, sai a wayi gari an haɗa masa ajin abokinsa da ya bar aiki, an ƙara masa darasin yamma don 'yan jarrabawa, ran Asabar kuma ya zo bitar 'yan musabaƙa. In wata ya ƙare ya buɗe baki, sai a ce masa, "Haba Malam, ai aikin Allah ne, ladanka yana Lahira."

To, ɗaukar malami a kan albashi shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira ijara. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗinta shi ne a san aikin ko lokacinsa, a kuma san ladan da za a biya. Abin da ya wuce sharaɗi ba ya cikin ƙullin farko, yana bukatar sabuwar yarda. In an sa mutum aikin da aka saba biya ba tare da an yanke lada ba, sai a koma ga ujuratul misli, watau abin da ake biyan irinsa a wannan gari.

Mu dubi ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, cikin Suratul Ƙasas, aya ta 27. Dattijon Madyana, wanda da yawa daga masu tafsiri suka ce Annabi Shu'aibu ne, ya yi sharaɗi da shi ya yi masa aiki shekara 8 a kan zai aurar masa da 'yarsa. Ya kuma bayyana masa cewa in ya cika 10, to, wannan kyauta ce daga gare shi, domin ba ya nufin ya tsananta masa. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi Musa ya cika wa'adin da ya fi tsawo. Shekara biyun nan alheri ne na mai aiki, ya bayar da son ransa. Saboda haka malami yana da iko ya sadaukar da ƙarin lokacinsa don Allah, amma shugaban makaranta ba shi da ikon ya yi sadaka da gumin wani.

Masu cewa bai kamata malamin addini ya yi maganar kuɗi ba, sai su tuna Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanya Littafin Allah a gaba cikin abubuwan da suka cancanci a karɓi lada a kansu. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunan da ba shi da dukiyar fansa amma ya iya rubutu, an yarda ya koya wa yara 10 na Madina a madadin fansarsa. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafin Adabul Mu'allimina, inda ya yi bayanin ladan malami da kyautar sauka. Iyayenmu ma sun san haka, shi ya sa suka ajiye kuɗin Laraba da sadakar sauka a makarantun allo.

Gargaɗin da ya zo a kan wannan kuwa mai tsanani ne. Cikin hadisi ƙudusi na Bukhari an ambaci mutum uku waɗanda Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar Ƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Ibnu Majah kuma ya ruwaito umurnin a sallami ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Jan rai daga wanda yake da halin biya zalunci ne, ko mutum ɗaya ne ya yi shi ko hukuma. Mun ga ƙarshensa a jami'o'in Nijeriya. A shekarar 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar malamai ta ASUU, wadda ta ƙunshi alawus na ƙarin aiki. Bashin wannan alawus yana cikin dalilan yajin aikin shekarar 2022, wanda ya kai wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. 'Ya'yan talakawa ne suka zauna gida suna ƙirga kwanaki.

Kai kuma malami, ka ji tsoron Allah. Suratul Muɗaffifina ta yi narkon azaba ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Wanda ya yi sakaci da darasin safe don yara su biyo shi darasin yamma na kuɗi, ko ya rubuta sa'o'in da bai karantar ba, ko ya karɓi aji uku alhali ya san ba zai iya duba aikinsu ba, ya tauye mudu, kuma abin da ya karɓa a kan haka bai halatta gare shi ba.

Mafita a fili take. Ranar da za a ɗauki malami a rubuta yawan darussansa a mako, a kuma rubuta abin da za a biya a kan kowane ƙari. In makaranta ba ta da hali, shugabanta ya faɗi gaskiya, ya nemi yardar malamin ba da barazana ba, ya saka masa da hutu ko a ɗauke wa 'ya'yansa kuɗin makaranta. Iyayen yara da masu hali na unguwa kuma su tallafa, domin wanda ya ba malami abin da zai natsu ya karantar yana da rabo cikin ladan karatun.

Allah Ya tsare mu daga cin hakkin bayinSa, Ya sa wa malamanmu albarka cikin abin da suke samu, amin.